Tarihin Sarki Rajaraja Chola na Ɗaya, Maginin Babban Haikalin Thanjavur

A wannan karo filin namu na tarihin mashahuran mutane zai leƙa can ƙuryar kudancin ƙasar Indiya, wato yankin da a yau ake kira jihar Tamil Nadu, domin kawo wa masu karatu tarihin Sarki Rajaraja na Ɗaya na daular Chola, wanda ya yi mulki daga shekarar 985 zuwa 1014 Miladiyya. Masu bibiyar finafinan Indiya ƙila sun riga sun haɗu da shi ba tare da sun lura ba, domin shi ne yariman nan Arulmozhi na cikin fim ɗin Ponniyin Selvan, wanda kashinsa na farko ya fito a 2022, na biyu kuma a 2023. Shi dai fim ɗin an ɗauko shi ne daga wani ƙagaggen labari da marubuci Kalki Krishnamurthy ya riƙa bugawa a mujalla tsakanin 1950 da 1954, saboda haka akwai ƙarin gishiri a cikinsa ba kaɗan ba. Amma shi mutumin an yi shi da gaske, kuma abin da ya bari yana nan a garin Thanjavur, wato wani haikali, babban ɗakin bautar mabiya addinin Hindu, wanda aka gina da dutse, hasumiyarsa ta haura mita 60, ya shekara fiye da dubu a tsaye, har yau kuma ana ibada a cikinsa.

Domin mai karatu ya gane nisan zamanin, idan aka bi lissafin da aka saba yi wa Tarihin Kano, Bagauda ya fara sarauta ne a 999, lokacin Rajaraja yana shekararsa ta 14 a kan gado. A arewacin Indiya kuwa, zamanin ne Mahmud na Gazna ya fara kai hare-harensa.

Asalinsa

An haife shi wajejen 947, aka raɗa masa suna Arulmozhi Varman. Mahaifinsa shi ne Sarki Parantaka na Biyu, wanda aka fi sani da Sundara Chola, mahaifiyarsa kuma Vanavan Mahadevi. Yana da wa mai suna Aditya Karikala, da kuma yaya mace mai suna Kundavai, wadda za mu sake jin sunanta a gaba.

Gidan Chola tsohon gidan sarauta ne a ƙasar Tamilawa, mutanen da harshensu daban yake da Hindin da aka fi ji a finafinai. Sun yi ƙarfi a dā can, suka dushe na ɗaruruwan shekaru, sannan suka farfaɗo wajejen 850 lokacin da wani kakansu mai suna Vijayalaya ya ƙwace garin Thanjavur. Arzikinsu a bakin kogin Kaveri yake, inda kogin ya rarrabu rassa-rassa kafin ya faɗa teku, ya bar fadama mai faɗi da ake noma shinkafa a cikinta. Duk abin da za a faɗa game da wannan daula, rundunarta da jiragen ruwanta da gine-ginenta, daga wannan shinkafar ya taso.

Sai dai Arulmozhi ya zo duniya ne a lokacin da gidan ke cikin wahala. Yana jariri, wajejen 949, Sarki Krishna na Uku na daular Rashtrakuta ya ragargaza rundunar Chola a Takkolam, aka kashe yarima mai jiran gado Rajaditya a kan giwarsa, daular ta rasa yankunanta na arewa. Mahaifin Arulmozhi da wansa Aditya su ne suka shiga aikin farfaɗo da ita. Aditya jarumi ne, shi ya kashe Vira Pandya, sarkin maƙwabtansu kuma abokan gabarsu na kudu, har ya riƙa sa wannan a cikin kirarinsa.

Kisan wansa da zaman jira

Wajejen 969 aka yi wa Aditya kisan gilla. Masana tarihi sun rabu kan wanda ya kitsa abin. Shahararren masanin tarihin Chola, Nilakanta Sastri, ya karkata zarginsa ga Uttama Chola, wanda baffa ne ga su Arulmozhi, kuma shi ne ya ci moriyar kisan tun da shi ya hau gado. Wasu kuma suna ganin ramuwar gayya ce daga magoya bayan gidan Pandya. Abin da ke rubuce shi ne, a shekara ta biyu ta mulkin Rajaraja akwai wani rubutu a dutse a Udaiyarkudi da ya yi maganar ƙwace dukiyar waɗanda aka kama da laifin da ta danginsu.

Bayanan fada na baya, waɗanda aka zana a faranten tagulla na Tiruvalangadu, sun nuna cewa jama'a sun so Arulmozhi ya karɓi sarauta, amma ya bar wa baffansa, bisa yarjejeniyar cewa shi ne zai gaje shi. Ya kamata a tuna cewa zamanin ɗansa aka rubuta wannan, kuma marubutan fada ba sa ɓata ubangidansu. Ko kawaici ne, ko kuwa ya duba ne ya ga ƙarfin baffan ya fi nasa a lokacin, sakamakon dai ɗaya ne: ba a yi yaƙin basasa ba, ya yi zaman jira na kimanin shekara 15, ya hau gado a 985 yana dab da shekara 40, ya ɗauki laƙabin Rajaraja, ma'ana sarkin sarakuna.

Akwai wata dattijuwa a gidan da bai kamata a tsallake ta ba, wato Sembiyan Mahadevi, mahaifiyar Uttama. Ta shafe shekaru masu yawa tana rushe tsofaffin ɗakunan bauta na bulo tana sake gina su da dutse, tana kuma sa a kwafe tsofaffin rubuce-rubucen da ke jikinsu a mayar a sabon bango. Ta rayu har cikin mulkin Rajaraja, kuma ya girmama ta ƙwarai. A ganina magina da masassaƙan da suka yi aikin Thanjavur, a irin waɗannan ayyuka nata suka ƙware.

Yaƙe-yaƙensa

Nasararsa ta farko da rubuce-rubucensa ke yawan ambata ita ce ta Kandalur Salai a gaɓar tekun Kerala, wajejen 988. Daga nan ya murƙushe gidan Pandya da na Chera, abin da ya sa ake masa laƙabi da Mummudi Chola, wato mai kambi uku. Ya ci yankunan Gangavadi da Nolambavadi a kudancin jihar Karnataka ta yau. A Vengi kuwa, can gabas, ya haɗa takobi da auratayya, ya ɗora wanda yake so a gado, sannan ya aurar da 'yarsa ga Vimaladitya ƙanen sarkin. Daga zuriyar wannan aure ne Kulottunga ya fito, wanda ya gaji sarautar Chola ɗungurungum a 1070. A ƙarshen mulkinsa kuma jiragen ruwansa suka ci tsibiran da akasarin masana ke ɗauka su ne Maldives.

Amma yaƙin da ya fi barin tabo shi ne na tsibirin Siri Lanka, wajejen 993. Sarkin can, Mahinda na Biyar, sojojin hayarsa sun yi masa bore saboda ya kasa biyan su, ya gudu kudancin tsibirin. Rajaraja ya ga dama ta samu, ya haye da runduna ta teku, aka ci birnin Anuradhapura aka wawashe shi. Wannan birni ya yi fiye da shekara 1,300 yana babban birnin Sinhalawa kuma cibiyar addinin Buddha, daga wannan lokaci bai sake zama fadar mulki ba. Mutanen Chola suka mayar da hedikwata Polonnaruwa, suka mai da arewacin tsibirin lardi daga cikin lardunansu, har suka gina wani ɗan ƙaramin haikalin dutse na Shiva wanda yana nan har yanzu. Sai a 1070 Vijayabahu na Ɗaya ya kore su.

Haka kuma akwai wani rubutu na abokan gabarsa, Chalukya ta Yamma, a garin Hottur, mai kwanan watan 1007, wanda ya zargi rundunar Chola da ƙona ƙasa da kashe mata da yara da malaman addini. Maganar abokin gaba ce, ana iya rage mata wani abu, amma ba a iya share ta. Shi kansa Rajaraja bai ɓoye inda dukiyar ta fito ba, domin a bangon haikalinsa an rubuta ƙarara cewa wani kaso na zinariyar da ya bayar ganima ce daga taskokin Chera da Pandya.

Awon ƙasa

Wajejen 1001 ya sa aka yi safiyon gonakin daular. Aka auna filaye, aka tantance wanda ake nomawa da wanda ba a nomawa, aka ware tafkuna da magudanan ruwa da maƙabartu da unguwanni waɗanda ba a ɗora musu haraji, sannan aka ƙayyade abin da kowane ƙauye zai biya, akasari da shinkafa. Ya sake fasalin gundumomi, ya haɗa ƙanana cikin manya da ake kira valanadu. Majalisun ƙauyuka da na 'yan kasuwa sun ci gaba da gudanar da harkokinsu kamar yadda suka saba, sai dai yanzu jami'an sarki na zuwa suna duba littattafansu.

Shi ne kuma ya fito da tsarin fara kowane rubutun hukuma da gabatarwa iri ɗaya mai jera nasarorin sarki, ana ƙara mata sabuwar nasara duk lokacin da aka samu. Wannan ya zama babbar kyauta ga masu tarihi, domin da an duba tsawon gabatarwar da shekarar mulkin da ke jiki, sai a gane wane yaƙi ne ya riga wane.

Ba kasafai masu ba da labarinsa ke tsayawa a kan wannan ɓangare ba, saboda ba shi da armashin yaƙi. Amma duk wanda ya taɓa riƙe babban aikin gini ya san cewa ganima tana iya sayen kayan ado, ciyar da dubban ma'aikata shekara da shekaru kuwa sai da kuɗin shiga wanda aka san adadinsa da ranar zuwansa.

Ginin haikalin

An fara aikin wajejen 1003. Rubutun da ke jikin bango ya nuna cewa a rana ta 275 ta shekara ta 25 ta mulkinsa, wato 1010, sarki ya miƙa tulun tagulla da aka lulluɓe da zinariya domin a kafa a ƙololuwar hasumiya, alamar an gama ke nan. Shekara bakwai ko ƙasa da haka. Sunan da ya sa wa wurin shi ne Rajarajeswaram, wato ya haɗa sunansa da na Shiva, abin bautar da aka gina wurin dominsa. Sunan Brihadisvara da aka fi sani yanzu daga baya ya zo, su kuwa mutanen gari Periya Kovil suke cewa, ma'ana babban haikali. An rubuta sunan shugaban maginan, Kunjara Mallan Rajaraja Perunthachan, haka nan an rubuta cewa wani babban hafsan soja mai suna Krishnan Raman shi ya gina katangar da ta kewaye harabar.

Harabar tana da tsawon kimanin mita 240 da faɗin mita 120, wato tsawon ya ninka faɗin sau biyu. Ana shiga daga gabas ta ƙofofi biyu masu soro a kai, ta farkon an sa mata suna don tunawa da cin Kerala. Wanda ya saba ganin hotunan haikalin Madurai ko na Srirangam zai lura da wani bambanci. A can ƙofofin shiga su ne dogaye, masu ɗauke da dubban siffofi kala-kala, ɗakin tsakiya kuma gajere ne. Wannan salo daga baya ya zo. A Thanjavur ƙofofin ne gajeru, hasumiyar da ke kan ɗakin tsakiya, wadda suke kira vimana, ita ta danne komai. Tsawon da aka fi ambata mata shi ne ƙafa 216, kimanin mita 66, ko da yake wasu awon suna kawo ƙasa da haka kaɗan, gwargwadon inda aka fara aunawa. Kusan tsawon bene mai hawa 20 ke nan. Kafin wannan, ɗakunan bautar da gidan Chola ke ginawa ƙanana ne, wannan ya ninka su sau da yawa a tashi ɗaya.

Matsala ta farko ita ce dutsen kansa. Giranit ne, irin ƙaƙƙarfan dutsen nan da ake fasawa a yi tsakuwar kankare, wanda ke cinye bakin kurfi kafin a sassaƙa shi. Thanjavur kuwa a fadama take, babu irin wannan dutse a kusa. Masu bincike suna nuna wajejen Tiruchirappalli da Pudukkottai a matsayin inda aka fi zaton an fasa shi, tafiyar kilomita 50 ko fiye. Ke nan kowane dutse da ke jikin ginin sai da aka fasa shi da hannu, aka jawo shi da shanu ko giwaye ko ƙarfin mutane, kafin a zo maganar ɗaga shi sama.

Matsala ta biyu, yaya za a ɗora hasumiya mai irin wannan nauyi a kan ɗakin da cikinsa fili ne? A nan ne gwanintar take. Gindin ginin murabba'i ne, kowane gefe kimanin mita 30. Maginan ba su yi bango ɗaya mai kauri ba, sai suka yi biyu, na ciki da na waje, da siririn lungu a tsakaninsu da mutum zai iya zagayawa, hawa biyu. Da aka kai saman hawa na biyu, sai aka riƙa turo duwatsun kowane bango suna matsowa kusa da juna sahu bayan sahu har suka haɗe suka zama faffaɗan dandamali guda. A kan wannan ne aka tayar da hasumiyar mai matakai 13, kowane mataki ya fi na ƙasansa ƙanƙanta. Cikinta kuma rami ne tun daga ƙasa har sama, kowane sahun dutse yana ɗan leƙowa ciki fiye da wanda yake kai, har bakin ya tsuke aka rufe. Wanda ya taɓa kallon maginan gargajiya na ƙasar Hausa suna ɗaure bakan soro, suna turo azara gaba kaɗan-kaɗan daga bango biyu har su haɗu a tsakiya, ya san dabarar, sai dai a nan da dutse aka yi ta. Amfaninta biyu ne. Ramin ya rage nauyin da tushe zai ɗauka, sannan tun da kowane dutse a kwance yake a kan na ƙasansa, nauyin yana sauka ne kai tsaye ƙasa, ba ya tura bango waje. Dutse kuwa yana jure danniya ƙwarai, ja da lanƙwasa ne ba ya so.

A cikin ɗakin tsakiya akwai linga, dutsen da ke wakiltar Shiva, ɗaya daga cikin mafiya girma a Indiya. A bangon waje na hawa na biyu an yi ta maimaita siffar Shiva riƙe da baka a matsayin mayaƙi mai rushe birane uku, kuma masana da dama na ganin ba a banza sarki mai kambi uku ya zaɓi wannan siffa ba. A lungun sama an sassaƙa 81 daga cikin salon rawa 108 na gargajiyarsu, sauran guraben an bar su ba a sassaƙa ba. A lungun ƙasa kuma akwai zane-zanen fenti na zamanin Chola, waɗanda sarakunan Nayak suka shafe da nasu zanen daga baya, sai a 1931 wani malamin tarihi mai suna S. K. Govindaswami ya gano su a ƙarƙashi. Shi kuwa ƙaton bijimin dutsen nan Nandi da ke gaban haikalin, wanda kowane baƙo ke ɗaukar hoto da shi, da rumfarsa, aikin zamanin Nayak ne, shekaru ɗari biyar ko fiye bayan Rajaraja.

Akwai labarai biyu da 'yan rakiyar baƙi ke son bayarwa. Na farko wai inuwar hasumiyar ba ta taɓa ƙasa. Wannan ba haka ba ne, da safe da yamma inuwarta na shimfiɗe a haraba kowa na gani, da tsakar rana ne kawai take taƙurewa a kan gindinta mai faɗi, kamar yadda ta kowace dala ke yi. Na biyu wai dutsen da ke can ƙoli dunƙule ɗaya ne mai nauyin tan 80, kuma an jawo shi ne ta kan wani tudun ƙasa da aka tara tun daga ƙauyen Sarapallam, nisan kimanin kilomita 6. Wasu masanan Tamil da suka yi nazarin ginin sun ce gunduwa-gunduwa ne aka haɗa shi. Game da tudun kuwa, mu yi ɗan lissafi. Idan faɗin samansa mita 10 ne, gefensa kuma yana gangarowa mita ɗaya a kowace mita ɗaya, ya tashi daga ƙasa har mita 60 cikin kilomita 6, ƙasar da za a tara za ta kai kubik mita miliyan 9, fiye da ninki uku na babbar dalar Giza ta Misira. Tudun sai ya fi haikalin aiki. Abin da ya fi shiga hankali shi ne ra'ayin masu cewa an riƙa tara ƙasa ne a kewayen ginin, hanya na nannaɗe shi tana hawa tare da shi, da aka gama aka kwashe.

Bangon da ya zama littafin ajiya

Abin da ya fi bambanta wannan gini da takwarorinsa shi ne rubutun da ya zagaye gindinsa. Rajaraja ya ba da umarni a sassaƙa duk abin da shi ya bayar, da abin da yayarsa Kundavai ta bayar, da na matansa, da na duk wani mai bayarwa. Aka kuwa yi hakan dalla-dalla. Kowace sarƙa an faɗi nauyinta bayan an cire nauyin zare, an ƙirga lu'ulu'un da ke jiki, an faɗi mai kyau da mai tsaga ko tabo. Mutum-mutumin tagulla fiye da 60 an faɗi awon kowanne da wanda ya bayar da shi. Har mudun da ake awon hatsi da shi da dutsen awon zinariya suna da suna, Adavallan, wato gwanin rawa, ɗaya daga cikin laƙaban Shiva.

Daga wannan rubutu ne muka san ma'aikatan wurin sun haura 600. Akwai mata masu rawa 400 da aka ɗebo daga wasu ɗakunan bauta na faɗin ƙasar, kowace an rubuta sunanta da garin da ta fito da gidan da aka ba ta a layukan da ke kewaye da haikalin, da rabonta na shinkafa a shekara. Akwai mawaƙa 48 masu rera waƙoƙin addini na Tamil, da makaɗa, da akawu, da ma'aji, da masu tukwane, da masu wanki, da wanzamai, da teloli, da kafintoci, da maƙeran zinariya, da masu riƙe laima. Ƙauyuka aka ɗora wa kawo masu gadi. Ƙauyukan da aka ware don ciyar da wurin kuwa har da wasu a Siri Lanka.

Tsarin fitilu ya isa a tsaya a kansa. Maimakon a ajiye kuɗin sayen mai, sai a ba makiyayi tumaki 96, ko shanu 48, ko ɓaunar gida irin ta Indiya 16, a kan sharaɗin zai riƙa kawo wani ƙayyadadden awo na man shanu kullum domin fitila ɗaya. Adadin dabbobin ba ya raguwa a lissafi, wadda ta mutu 'ya'yan garken ne za su maye gurbinta, abin da ya yi saura na nono da ƙaruwa kuma na makiyayin ne. An rubuta sunayen makiyayan da na waɗanda suka tsaya musu. Kuɗin da aka bai wa haikalin kuma ana ranta wa majalisun ƙauyuka a kan ruwan kashi 12 da rabi cikin ɗari a shekara, da wannan ruwan ake sayen kayan hidimar yau da kullum. Wato dai wurin ya zama ma'aikata da banki da rumbun hatsi a lokaci guda, kuma ta hanyarsa sarki ya ɗaure ɗaruruwan ƙauyuka da fadarsa.

Kundavai ta cancanci a ƙara ambatonta. Ita ce ta biyu bayan sarki a jerin masu kyauta, ta sa an ƙera siffofin iyayensu an ajiye a wurin, ta gina ɗakunan bauta na Shiva da na Vishnu da na mabiya addinin Jain a wasu garuruwa, ta kuma kafa gidan magani a Thanjavur da sunan mahaifinsu.

Ƙarshen mulkinsa

Duk da abin da rundunarsa ta yi wa Anuradhapura, a gida Rajaraja bai tsangwami mabiya Buddha ba. Wajejen 1006 ya ba da harajin ƙauyen Anaimangalam ga wani gidan ibadarsu da sarkin Srivijaya, daular da ke tsibirin Sumatra na Indunisiya ta yau, ya gina a tashar jiragen ruwa ta Nagapattinam. An zana wannan kyauta a faranten tagulla da aka fi sani da faranten Leiden, saboda garin ƙasar Holan da Turawa suka kai su. Dalilin a fili yake, hanyar kasuwancin teku zuwa ƙasar Sin ta hannun Srivijaya take bi. Ya kuma aika tawaga zuwa fadar sarkin Sin, wadda ta isa a 1015, bayan wanda ya aike ta ya riga ya mutu.

A 1012 ya naɗa ɗansa Rajendra abokin mulki, domin kada a maimaita abin da ya faru a ƙuruciyarsa. Ya mutu a 1014 yana da kimanin shekara 67, shekara huɗu kacal bayan kammala haikalin. Rajendra ya zarce uban a yaƙi, rundunarsa ta kai kogin Ganga, jiragensa suka far wa Srivijaya ɗin nan a 1025. Sannan ya tashi daga Thanjavur ya kafa sabon birni, Gangaikonda Cholapuram, ya gina nasa haikalin a can bisa tsarin na ubansa, sai dai hasumiyarsa ba ta kai ta uban tsawo ba. Daular Chola ta ƙare wajejen 1279. Thanjavur ta shiga hannun Nayak, sannan Maratha, sannan Turawan Ingila, har aka wayi gari mutanen garin suna danganta ginin ga wasu sarakunan almara. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 wani Bajamushe masanin tsofaffin rubuce-rubuce, Eugen Hultzsch, ya kwafe abin da ke bangon ya buga, sunan Rajaraja ya dawo.

Hukumar UNESCO ta sa haikalin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, a 2004 kuma ta haɗa shi da na Gangaikonda Cholapuram da na Darasuram. A 2010 aka yi bikin cikarsa shekara dubu, inda masu rawa 1,000 suka taka a harabarsa, gwamnatin Indiya kuma ta fitar da kwabo da kan sarki na tunawa. A 2018 'yan sandan Tamil Nadu suka dawo da wasu mutum-mutumin tagulla biyu daga wani gidan tarihi a Ahmedabad, waɗanda ake ɗauka siffar sarkin ce da ta uwargidansa Lokamahadevi, bayan sun shafe shekaru da dama da ɓacewa daga haikalin.

Har yanzu kuma Tamilawa ba su gama muhawara a kansa ba. A 2019 daraktan finafinai Pa. Ranjith ya ta da ƙura da ya bayyana zamanin Rajaraja a matsayin baƙin zamani ga ƙananan ƙabilun da ake wa kallon ƙasƙanci, yana zargin cewa a lokacin ne aka raba su da gonakinsu, aka kuma ƙarfafa al'adar sadaukar da mata ga ɗakunan bauta. Har ƙara aka shigar a kansa. Masu kare sarkin suka ce matan nan 400 ma'aikata ne masu gida da albashi da suna a rubuce, kuma bai dace a auna su da abin da al'adar ta koma ƙarnuka bayan haka ba. Kowane ɓangare daga rubutun bangon nan yake ɗebo hujjarsa, domin a cikin lissafin filayen ƙauyukan da aka ba haikalin har unguwannin da aka keɓe wa waɗannan ƙabilu an ambata, an kuma faɗi girman filin da suke kai.